Uwata, Ga Amsar Saƙonki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya sanyin garin naku na Liverpool, ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Damina ta yi kyau bana. Gwiwar nan tawa ce dai take tuna mini da shekaruna kullum in na tashi sallar asuba.

Yau kwana goma sha ɗaya da isowar saƙonki. Na san kina ta duba waya, kina ganin alamar an karanta amma shiru, na kuma san abin da zuciyarki ta raya miki. Ba fushi na yi ba. To, na ɗan yi, na kwana biyu. Sauran kwanakin juya maganar nake ta yi, kuma ta fi ƙarfin danne-dannen waya da yatsa ɗaya, shi ya sa na nemo biro da takarda irin na da. Yayanki zai ɗauki hotonta ya turo miki. Na gargaɗe shi kada ya karanta, na kuma san sai ya karanta.

Bari in maimaita abin da kika ce don ki san na ji ki. Saura wata bakwai ki gama shekarar horo a kemis ɗin, ki zauna jarrabawar lasisin haɗa magunguna, amma zuciyarki ba ta wurin. Shekara biyu ke nan kina zuwa wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa da daddare ba mu sani ba, har kin fito a wasa uku. Wani da ya san harkar ya gan ki ya ce ki nemi makarantar koyon wasa a Landan, yanzu kina so ki ajiye aiki ki fuskanci gwaji. Kin kafa mini hujja da 'yar wasan nan Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya a 1986, aka tafi da ita Manchester tana goye, ta yi karatu a RADA, fitacciyar makarantar koyon wasa ta Landan, yau ga shi duniya ta san ta. Kin iya zaɓe, don kin san yadda Zariya take a raina. Sai dai ki lura, a 2007 ta gama RADA, BAFTA kuwa, lambar yabon fim da talabijin ta Birtaniya, ba ta zo hannunta ba sai 2017. Waɗannan shekaru goman ba sa fitowa a hotunan da kike gani a Instagram.

Ita ta zamaninku ce. Ni ta zamanina zan kawo miki, kuma abin mamaki, kogi ɗaya ne kawai ya raba ɗakin da kike kwana da inda aka haife ta. Sunanta Glenda Jackson.

Shekarar da aka tura ni kwas Ingila, tun ba a san za a haife ki ba, na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Matar nan ba mai yawan magana ba ce, amma duk daren da za a nuna Glenda a talabijin, tun da yamma take gama girki, ta ƙwala mini kira in sauko falo in ga "tamu". Na daɗe ina zaton 'yar uwarta ce. Ashe abin da take nufi shi ne 'yar talakawa ce irinta, wadda uwarta ta yi goge-goge a gidajen mutane kamar yadda tata uwar ta yi. Tun daga lokacin, duk inda na ga sunan a jarida sai na tsaya na karanta.

An haife ta ranar 9 ga Mayu 1936 a Birkenhead. In kika tsaya a bakin kogin Mersey ta ɓangarenku na Liverpool, garin da kike hange a tsallake, shi ne. Ubanta birkila ne, uwarta kuma duk aikin da ya samu yi take, yau shara a gidan wani, gobe tsaron kanti. Ita ce babba cikin 'ya'ya mata huɗu, kuma a Hoylake ta tashi, wani ɗan gari a bakin teku nan kusa. A makaranta ba ta yi abin a zo a gani ba. Tana shekara 16 ta bari, ta kama aiki a kantin magani na Boots. Kin ji ko? Kemis. Shekara biyu tana tsaye a bayan kanta tana miƙa wa mutane maganin tari, in dare ya yi ta nufi ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa. Ina tsakiyar karanta saƙonki wannan ya faɗo mini a rai, sai da na yi dariya ni kaɗai duk da ɓacin ran da nake ciki.

Amma kada ki yi saurin murna. Abin da ita ta bari aikin miƙa kaya ne, wanda ko gobe ta dawo za ta samu irinsa. Ke abin da kike shirin bari shekara huɗu ce ta jami'a, da shekarar horon da kika cinye kusan rabinta, da filin nan da na sayar. Ba gori nake miki ba, Allah Ya sani, da za a sake sai in sake sayarwa. Lissafi nake miki, don wanda zai saki reshe ya kamata ya fara sanin kaurin reshen.

A 1954 ta samu tallafin karatu zuwa RADA, makarantar nan da kike mafarki. Har yau ɗaliban da take ɗauka a fannin wasa ba sa kai talatin a shekara, masu nema kuwa dubbai ne. Glenda ta shiga, ta gama, sai shugaban makarantar ya yi mata sallama da cewa kada ta sa ran samun aikin kirki sai ta kai shekara 40, don ba ta da irin fuskar da ake ba matsayin budurwar da ake rububi. Ita da kanta ta sha ba da wannan labari. Kuma saura ƙiris maganarsa ta tabbata. A 1957 ta fara hawa dandamali a matsayin sana'a, ta shiga yawon ƙananan gidajen wasa na larduna, inda ake sauya wasa kusan kowane mako: da rana kana haddace na makon gobe, da dare kana yin na makon nan, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai aikin ya ɗauke ɗif. Sama da shekara biyu ba wanda ya neme ta. Ta kai wa mutane shayi a tebur, ta zauna ɗaga waya a ofis, ta koma tsaron kanti, ta yi aiki a sansanin hutu na Butlin's can yankin Wales. Duk wannan da takardar RADA a akwatinta.

Nan nake so ki daɗe, Uwata, don nan ne masu ba da labarin taurari suke tsallakewa da gudu. Shekara biyu a baki ba komai ba ce. Amma ki ƙirga ta da asubahi ɗaya-ɗaya: ki tashi, ki je gwaji, a kalle ki minti uku, a ce za a kira ki, ba a kira ba. Ki ga wadda kuka zauna aji ɗaya an manna hotonta a bango, ke kuma kina goge tebur. Ba yunwar ce ke karya mutum ba, tambayar da yake yi wa kansa ce, anya ba yaudarar kaina nake yi ba? Kuma Glenda a ƙasarta take. In ta ƙi ci, jirgin ƙasa ɗaya za ta hau sai gidan uwarta. Ke takardar zamanki a ɗaure take da aikin nan da kike son ajiyewa, gidan uwarki kuma sai an ƙetare teku da hamada.

Sai 1964 ƙofa ta buɗe, shekara goma da samun gurbin RADA, tana da shekara 28. Darakta Peter Brook ya ɗauke ta a kamfanin wasannin Shakespeare na masarauta, ya ba ta matsayi a wani wasa da ake kira Marat/Sade, inda ta fito a mai taɓin hankali a gidan mahaukata wadda aka sa ta kwaikwayi Charlotte Corday, matar da ta soke ɗan juyin juya halin Faransa Marat yana wanka a 1793. Wasan ya girgiza Landan, aka kai shi New York. Daga nan fina-finai suka biyo baya. Women in Love na 1969 ya ba ta Oscar ta farko, babbar lambar yabon fim ta Amurka.

Zan tsaya a kan fim ɗin nan in faɗi abin da ba zan ɓoye ba. A cikinsa, da wasu na bayansa, ta fito a yanayin da ba zan iya zama in kalla ba ko ni kaɗai, balle da ke. Ita ba ta ɗauki hakan komai ba, a wurinta aiki ne. Ni kuwa ba don ki bi sawunta a komai na kawo miki ita ba. Addininta daban, tarbiyyarta daban, abin da za ta amsa a gaban Mahalicci ba shi za ki amsa ba. Na faɗa ne don ki san cewa a sana'ar nan ana tambayar mace abin da ba a tambayar mai haɗa magani, kuma ba ranar da take da kuɗin haya a hannu ake tambayarta ba, sai ranar da ba ta da shi.

Abin da ya fi burge tsohuwar da na kama ɗaki a gidanta, kuma abin da ya kama ni, shi ne Elizabeth R, wasan talabijin mai kashi shida da BBC ta yi a 1971. Ta fito a Sarauniya Elizabeth ta farko, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, tun tana budurwar da ake neman ranta har ta zama tsohuwa mai baƙin haƙora da farar hoda dabe-dabe a fuska. Don goshinta ya yi faɗi irin na sarauniyar, aske gaban gashinta ta yi, ba hular gashi ta ɗora a kai ba. Ta yarda a munana ta a gaban miliyoyin mutane. Fuskar da aka ce ba za ta ci abinci da ita ba, ita ce ta ɗauki sarauta, don ba ta da kyan da za ta tsaya tattali. Emmy biyu, lambar yabon talabijin ta Amurka, ta samu a kan wannan wasa.

A shekarar ce kuma wasu 'yan barkwanci biyu, Morecambe da Wise, suka gayyace ta shirinsu ta fito a Cleopatra, aka yi ta shashanci. Wata mai Oscar a hannu da sai ta ga abin ya yi mata ƙanƙanta. Ita ta je. Wani darakta Ba'amurke, Melvin Frank, ya kalla ya gane matar nan ta iya ban dariya, ya ba ta fim ɗin A Touch of Class na 1973, wanda ya kawo mata Oscar ta biyu.

To ga inda nake son zuwa tun ɗazu. Duka biyun ba ta je bikin karɓa ba. Da gumakan lambar suka iso, uwarta ta miƙa wa. Tsohuwar nan da ta ƙare rayuwarta tana goge kayan mutane, ta samu abin gogewa nata na kanta, ta dinga goge su har ruwan zinaren ya kankare, ƙarfen da ke ƙasa ya bayyana. Glenda takan ba da labarin tana dariya, tana nuna cewa ai haka lambobin suke. Na daɗe ina tunanin wannan. Mace ce da ta sha wuyar shekara goma kafin a san da ita, ka ce in ta samu za ta rungume da hannu biyu. Amma aikin take so, ba tafin ba. Abin da nake so ki tambayi kanki ke nan, ki kuma ba kanki amsa ta gaskiya, ba ni ba: daren da kika fito a wasan nan na unguwa, me ya hana ki barci don daɗi? Awa biyun da kika yi kina cikin rigar wata, ko minti biyun da aka yi ana tafa miki? In na farkon ne, akwai magana. In na biyun ne, wallahi a gida ma za mu iya tara miki yayyenki da 'ya'yansu su tafa miki, ba sai kin ajiye lasisi ba.

Shaidar cewa sunan bai riƙe ta ba ta zo a 1992. Tana da shekara 55, duniya ta san ta, ta ajiye wasan gaba ɗaya ta tsaya takarar majalisar dokoki a jam'iyyar Leba, wadda take ciki tun tana 'yar 16. Mulkin Margaret Thatcher ne ya tunzura ta, ganin yadda talakawan da ta fito cikinsu suka koma. Ta ƙwace mazaɓar Hampstead da Highgate a arewacin Landan daga hannun masu ra'ayin riƙau, a zaɓen da jam'iyyarta ta sha kaye a ƙasa. Ba ta yi irin na wasu ba, ƙafa ɗaya a majalisa ɗaya a gaban kyamara. Shekara 23 ba ta fito a fim ba. Zama take tana sauraron kukan mutanen mazaɓa kan gidan haya da motar bas. Da Tony Blair ya hau a 1997 ya ba ta ƙaramar ministar sufuri, ta riƙe zuwa 1999, ta sauka don neman tikitin magajin garin Landan, ba ta samu ba. Da Blair ya shiga yaƙin Iraƙi a 2003, tana cikin 'yan jam'iyyarsa da suka juya masa baya a fili. A zaɓen 2010 da ƙuri'a 42 kacal ta tsira da kujerarta. Ki duba, mai Oscar biyu, ƙuri'a 42. Mutanen can ba su zaɓe ta don tsohon fim ba, ita ma ba ta nemi su yi ba.

Akwai abu ɗaya nata da ya tsaya mini a wuya. A watan Afrilu na 2013, Thatcher ta mutu, ba a ma binne ta ba, majalisa ta taru don ta'aziyya, Glenda ta miƙe ta zayyana ɓarnar da take ganin mulkin matar ya yi wa makarantu da asibitoci da marasa gida, ana ta yi mata ihu ba ta zauna ba. Mu a tarbiyyarmu ba a yi wa mamaci haka. Sai dai in za a yi adalci, abin da ta faɗa a kan gawa shi ta faɗa matar tana da rai tana kan mulki. Ba ta da baki biyu.

A 2015 ta bar majalisa tana dab da 80. Kowa ya ɗauka sai jika da lambu. Shekara na zagayowa sai ga ta a gidan wasa na Old Vic a Landan, bayan kusan shekara 25 rabonta da hawa dandamali, kuma ba a matsayin wata kaka mai layi biyar ba. King Lear ta ɗauka, ta fito a sarkin kansa, matsayin da maza ƙarfafa suke tsoro, wasan da ya haura awa uku kowane dare. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ta haddace a jikinta tun zamanin sauya wasa kowane mako bai tafi ko'ina ba, jiranta yake. A 2018 ta ci lambar Tony ta wasan dandamali a New York tana da shekara 82. A 2019 ta fito a wani fim na BBC, Elizabeth Is Missing, a matsayin tsohuwa mai ciwon mantuwa da ke neman ƙawarta, ya kawo mata BAFTA a 2020. Ta gama fim ɗinta na ƙarshe tare da ɗan wasa Michael Caine, ta rasu ranar 15 ga Yuni 2023 a Blackheath, tana da shekara 87.

Ke da kike tsoron wata bakwai za su sa ki makara, ga wadda ta ajiye abin shekara 23 ta dawo ta tarar da shi.

Kin san labarin Lear? Mun karanta shi a kwalejin horon malamai, na kuma koyar da shi, ina zaton na gane shi, ashe sai makon jiya na gane. Tsohon sarki ne mai 'ya'ya mata uku, ya tashi raba musu ƙasa, ya ce kowace ta faɗi irin son da take masa. Manyan biyu suka zuba masa zuma a kunne. Autar ta ce tana son sa gwargwadon yadda ya kamaci 'ya ta so ubanta, ba daɗi ba ragi. Ya fusata ya kore ta. Ƙarshenta waɗanda suka yi masa daɗin baki su suka rufe masa ƙofa cikin hadari, wadda ya kora ita ta dawo nemansa, amma an makara. Ni ma mata uku Allah Ya ba ni, ke ce auta. Yayyenki ba irin na Lear ba ne, Allah Ya yi musu albarka, kada ki je ki ce musu na kwatanta su. Amma a kwana biyun nan da na yi ina fushi, na kama kaina ina cewa ina ma kin yi shiru kin ci gaba da turo mini hotonki da farar rigar kemis ina nuna wa abokaina a majalisa. Wato na fi son a yi mini daɗin baki. Kin iya ɓoyewa, kin iya ajiye aikin sai dai mu ji daga baya. Kika zaɓi ki faɗa mini abin da kika san ba zan so ji ba. Ba zan kore ki a kan gaskiya ba.

Saboda haka ban ce a'a ba. Ban kuma ce e ba tukuna. Abin da na ce shi ne ki gama wata bakwai ɗin nan, ki zauna jarrabawar, lasisin ya shigo hannunki. Ba don ki rataye shi a bango ba, sai don ranar da wani zai miƙo miki takardar wasa mai ɗauke da abin da bai dace da ke ba, ki iya mayar masa ki ce na gode, don kin san gobe da safe akwai inda za ki je ki samu na haya da halal ɗinki. Mai haɗa magani a Ingila yana iya yin aikin kwana biyu ko uku a mako ya riƙe kansa, ke kika gaya mini da bakinki. Glenda ta goge tebur a shekarunta na fari. Ke Allah Ya ba ki abin da ya fi goge tebur, kina neman yar da shi saura taki kaɗan. Gwajin kuma ba wanda ya hana ki, ki ɗauki hutunki na aiki ki je Landan ki gwada. In sun ɗauke ki, mu zauna mu yi lissafin kuɗi da biza kamar manya. In ba su ɗauke ki ba, ki koma ƙungiyarku ta unguwa ki ga ko har yanzu ƙafarki tana kai ki can ranar da ake ruwa. Wannan ma amsa ce.

Iyakokinki kuma ki zana su tun yanzu, a rubuce, tun ba a fara yi miki tayi ba: me za ki sa, me ba za ki cire ba, wa zai taɓa ki, me bakinki ba zai furta ba. Shingen da aka kafa bayan akuya ta shiga gona ba shinge ba ne. Ki kuma buɗe ido ki ga irin matsayin da ake miƙa wa baƙar mace a can. Wunmin da kika ambata, ki duba inda ta bi: baiwa 'yar Sudan a I Am Slave a 2010, uwar Damilola Taylor, yaron nan ɗan Najeriya mai shekara 10 da aka kashe a Peckham a 2000, sai 'yar gudun hijira a His House a 2020. Ta yi su da kyau, ta ci lambobi da su. Amma baiwa, da uwa mai makoki, da 'yar gudun hijira. Ke kuma ga ɗankwali a kanki, kin san irin labarin da suka fi son bayarwa a kan mai ɗankwali. Wata rana za a ba ki kuɗi mai kyau don ki fito a matar da ubanta Musulmi ya zalunta. Ki tuna da ni ranar.

Maganar mutanen gida kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, za su yi. Mu ne masu kallon fim har ƙarfe ɗayan dare, mu ne kuma masu cewa ɗanmu ba zai auri 'yar fim ba. Nawa kason zan iya ɗauka, na tsufa da jin kunyar majalisa. Wanda ya fi damuna naki ne, don maganar aure tana nan tafe ko mun so ko mun ƙi. Glenda ta yi aure a 1958, ta haifi ɗa ɗaya a 1969, auren ya mutu a 1976 lokacin da sunanta ke tsakiyar tashe, ba ta sake yi ba. Ƙarshen rayuwarta a ɗakin ƙasa na gidan ɗanta ta yi shi, tana kula da lambu. Ban ce sana'ar ce ta kashe auren ba, aure yana mutuwa a gidan malamai ma. Na dai sa miki shi a sikeli ne tare da sauran.

Mahaifiyarki ba ta sani ba. Ta ga ina ta rubutu ta tambaye ni, na ce takardar fansho ce, Allah Ya yafe mini. Ba ni zan gaya mata ba, ke za ki gaya mata, kuma ba ta saƙon waya ba. Ki kira ta ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin gidan ya yi shiru. Za ta yi kuka, za ta ce ni na ɓata ki da littattafai. Ki bar ta ta gama, kada ki katse ta, kada kuma ki kawo mata sunan wata Baturiya. Ina nan kusa zan zauna.

In kin samu Asabar ɗin da ba ki da aiki, ki hau jirgin ƙasa ki je Hoylake, bai fi rabin awa daga wurinku ba. Ni ban samu zuwa ba duk zamana a ƙasar, kullum sai in ce mako mai zuwa. Ki ɗauko mini hoton bakin tekun.

Kowa yana gaishe ki. Gwaggonki ta ba da yaji da kuka da daddawa, suna nan sai an samu mai tafiya. Sannan tunda har yanzu ke ce mai maganin gidan nan, likita ya sauya mini maganin gwiwa, na sa yayanki ya haɗa hoton kwalin da wannan takarda. Ki duba mini ko yana karo da na hawan jinin, kuma kafin abinci ake sha ko bayan an ci.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Wassalam,
Babanki